ƊAUKAKA ƘARA KAN DIYYAR CIWON HUHU: DARASI DAGA SHA'ANIN TSOFAFFIN SOJOJIN AMURKA

Gabatarwa

Soja ya kan dawo daga fagen fama da rauni iri biyu. Akwai wanda ido ke gani, kamar rasa ƙafa ko hannu, wanda ba a cika yin gardama a kansa ba. Akwai kuma wanda ke ɓuya a cikin jiki, ba ya bayyana sai an yi shekara biyar ko goma da sallamar mutum daga aiki. Ciwon huhu mai daɗewa yana cikin kashi na biyu, shi ya sa ya zama ɗaya daga cikin cututtukan da a ke yawan jayayya a kansu tsakanin mazan jiya da hukumar da ke biyansu diyya. Tsohon soja ya ce hayaƙin sansani ne ya lalata masa ƙirji, hukuma kuwa ta ce ya kawo shaida.

Wannan darasi yana bayani ne a kan yadda a ke warware irin wannan jayayya a ƙasar Amurka, inda aka shimfiɗa dokoki dalla-dalla a kan ɗaukaka ƙara, watau afil. Ya kamata mai karatu ya lura tun daga farko cewa dokokin da za a ambata sun shafi waɗanda suka yi aiki a rundunonin Amurka ne kaɗai, har da 'yan asalin Nijeriya da suka yi aikin soja a can. Sha'anin fensho na tsofaffin sojojin Nijeriya kuwa yana hannun Hukumar Fensho ta Soja da ke Abuja, bisa ga dokokin ƙasar nan.

Mene Ne Ciwon Huhu Mai Daɗewa?

Iskar da mutum ya shaƙa tana bi ta maƙogwaro ta gangara cikin wasu bututai da ke rarrabuwa kamar rassan itace, har ta isa wasu 'yan ƙananan jakunkuna miliyoyi, inda iskar oksijin ke shiga cikin jini. Idan hayaƙi ko ƙura suka daɗe suna shiga, sai bututan su kumbura su ƙuntata, su riƙa tara majina, ko kuwa bangon jakunkunan ya yayyage, ko kuma naman huhun ya yi tabo ya sandare. Sakamakon duka shi ne tari mara yankewa, da haki bayan ɗan ƙaramin aiki, da nauyin ƙirji.

Mafi yaɗuwa a cikin waɗannan cututtuka ita ce toshewar hanyoyin numfashi, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.5 a shekarar 2021. Shan taba shi ne babban dalilinta, sa'an nan hayaƙin girki a cikin ɗaki da ƙurar wurin aiki. Ba a warkar da ita ɗungum, amma magani yana sassauta ta, barin taba kuma yana rage saurin ci gabanta. Sauran cututtukan sun haɗa da asma, da sandarewar huhu, da ƙuntatar ƙananan bututai. Bai kamata a haɗa waɗannan da tarin fuka ba, gama shi ƙwayar cuta ce ke kawo shi, kuma yana warkewa idan aka sha magani yadda likita ya tsara.

Inda Sojojin Suka Samo Ciwon

A yaƙin yankin Gulf na 1991, sojojin Iraƙi sun cinna wa rijiyoyin man Kuwait fiye da 600 wuta, ba a kuwa kashe ta ƙarshe ba sai cikin watan Nuwamba na shekarar. Sojojin da ke yankin sun yi watanni suna shaƙar baƙin hayaƙi. Daga bisani, a yaƙin Afganistan da ya fara a 2001 da na Iraƙi da ya fara a 2003, aka riƙa zubar da sharar sansanoni ta hanyar ƙona ta a manyan ramuka a fili. A kan jefa robobi, da batura, da fenti, da kayan lantarki, da sharar asibiti, har da bayan gida, a antaya musu man jirgin sama a kunna. Ramin da ke sansanin Balad a Iraƙi ya kai faɗin eka 10, yana ci dare da rana. Ma'aikatar Tsaro ta Amurka ta ƙiyasta cewa sojoji kimanin miliyan 3.5 ne mai yiwuwa suka shaƙi irin wannan hayaƙi. Ban da wannan kuma ga guguwar ƙura ta hamada, ga gobarar da ta tashi a ma'adinar farar wuta ta Mishraƙ kusa da Mosul a watan Yuni na 2003, wadda ta yi makonni tana ci.

A shekarar 2011 wasu likitoci na Jami'ar Vanderbilt suka buga sakamakon binciken da suka yi wa sojoji 80 da suka dawo daga Iraƙi da Afganistan suna fama da haki. An yanki ɗan naman huhu daga 49 cikinsu aka duba, sai aka tarar 38 suna da ƙuntatar ƙananan bututai. Abin lura shi ne, akasarinsu hoton ƙirjinsu da gwajin numfashinsu ba su nuna wata babbar matsala ba. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa soja zai iya kasa hawa bene, alhali takardar asibiti tana nuna lafiyarsa ƙalau.

Sharuɗɗan Samun Diyya

Hukumar da ke biyan diyya ita ce Ma'aikatar Kula da Tsofaffin Sojoji, wadda aka kafa a matsayin hukuma a 1930, ta zama cikakkiyar ma'aikata a 1989. Diyyar kuɗi ce da a ke biya wata-wata, ba a kuma cire mata haraji. Kafin a biya, tilas ne abu uku su tabbata. Na ɗaya, likita ya tabbatar mutumin yana da ciwon a halin yanzu. Na biyu, a nuna cewa wani abu ya same shi a lokacin aiki, ko rauni, ko cuta, ko shaƙar wani abu mai lahani. Na uku, a nuna dangantaka tsakanin na ɗaya da na biyu.

Doka ta yi wa tsohon soja wani rangwame a nan. Ba a bukatar ya kawo hujjar da ta kawar da kowane kokwanto. Idan shaidar da ke goyon bayansa da wadda ke saɓa masa suka yi kusan kunnen doki, to, sai a yanke hukunci a ba shi gaskiya. Har ila yau, doka ta ɗora wa Ma'aikatar nauyin taimaka masa wajen nemo takardun aikinsa da na asibiti, da kuma shirya masa gwajin likita idan akwai bukata.

Duk da haka, sharaɗi na uku ya zama alaƙaƙai ga masu ciwon huhu. Ba a auna abin da kowane soja ya shaƙa a sansani ba, kuma rahotannin da majalisun masana kimiyya na ƙasar suka fitar a 2011 da 2020 sun ce bayanan da ke hannu ba su isa a tabbatar da dangantaka tsakanin hayaƙin da yawancin cututtukan ba. Saboda haka daga 2007 zuwa 2020, fiye da kashi 70 cikin 100 na buƙatun da suka danganci hayaƙin ramuka ƙin su aka yi. Bugu da ƙari, ga buƙatun da aka shigar bayan watan Yuni na 1998, doka ta hana biyan diyya a kan ciwon da shan taba a lokacin aiki ya jawo, sai ya zamana da zarar an ga mutum ya taɓa shan taba, a kan ɗora laifin a kanta.

Dokar 2022 da Ƙa'idar Ƙaddarawa

Ran 10 ga Agusta 2022 Shugaba Joe Biden ya sa hannu a kan dokar da aka fi sani da PACT. An sa mata sunan Saje Heath Robinson, wani ma'aikacin jinya na soja daga Jihar Ohio, wanda ya yi aiki a Kosovo da Iraƙi, ya kuma rasu a 2020 sanadin sankarar huhu. Jigon dokar shi ne ƙa'idar ƙaddarawa, watau idan soja ya yi aiki a wuri kaza a lokaci kaza, sa'an nan ya kamu da cuta kaza, to, doka ta ƙaddara cewa aikin ne ya jawo, ba sai ya kawo shaidar dangantaka ba.

Wuraren kashi biyu ne. Daga 2 ga Agusta 1990 zuwa gaba: Iraƙi, da Kuwait, da Saudiyya, da Baharain, da Oman, da Ƙatar, da Somaliya, da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Daga 11 ga Satumba 2001 zuwa gaba: Afganistan, da Jibuti, da Masar, da Jodan, da Labanan, da Siriya, da Uzbekistan, da Yaman. Cututtukan numfashi da dokar ta lissafa sun haɗa da asma da aka gano bayan barin aiki, da toshewar hanyoyin numfashi, da kumburin bututai mai daɗewa, da yayyagewar jakunkunan iska, da ƙuntatar ƙananan bututai, da sandarewar huhu, da kumburin rigar huhu, da ciwon hanci da na kogunan fuska masu daɗewa, da kuma sankarar hanyoyin numfashi kowace iri.

Wanda aka ƙi buƙatarsa kafin 2022 yana da ikon sake shigar da ita, gama sauyin doka dalili ne da ya isa a sake dubawa. Amma dokar ba ta kawo ƙarshen afil ba. Har yanzu a kan yi jayayya a kan ko likita ya tabbatar da ciwon, da kuma a kan girman nakasar. Akwai kuma waɗanda ƙa'idar ba ta shafe su ba, alal misali tsofaffin sojojin ruwa da suka shaƙi ƙurar asbestos a cikin jirage, wadda cutarta kan yi shekaru goma zuwa arba'in kafin ta bayyana. Su tilas ne su cika sharuɗɗan nan uku.

Yadda A Ke Auna Nakasa

A kan auna nakasa da maki, daga sifiri zuwa 100, goma-goma. Ga mai toshewar hanyoyin numfashi, maki huɗu ne a cikin jadawali: 10, da 30, da 60, da 100. Babban ma'auni shi ne gwajin numfashi. Majiyyaci ya kan cika ƙirjinsa da iska, ya hura cikin wata na'ura da iyakar ƙarfinsa, na'urar ta auna yawan iskar da ya fitar a daƙiƙar farko. Sai a gwada wannan da abin da a ke sa ran mai lafiya mai irin shekarunsa da tsawonsa zai fitar. Idan ya sami kashi 71 zuwa 80 cikin 100, makinsa 10 ne. Idan kashi 56 zuwa 70 ne, maki 30. Idan kashi 40 zuwa 55 ne, maki 60. Idan bai kai kashi 40 ba, ko ciwon ya taɓa zuciya, ko kuwa likita ya ɗora shi a kan iskar oksijin a gida, maki 100 ke nan. Galibi a kan yi amfani da sakamakon da aka samu bayan an ba shi maganin shaƙa mai buɗe bututai. Akwai kuma wani gwaji na dabam da ke auna yadda iska ke ratsawa daga huhu zuwa jini.

Ga mai asma, ana duba irin maganin da ya ke sha. Mai amfani da maganin shaƙa kullum ya cancanci maki 30 ko da gwajin numfashinsa bai yi muni ba, wanda kuwa ciwon ke kai shi wurin likita kowane wata ya cancanci 60. Idan mutum yana da cututtukan huhu biyu, ba a cika haɗa makinsu ba, sai a ba shi maki ɗaya bisa ga wadda ta fi rinjaye. A shekarar 2022 Ma'aikatar ta gabatar da shawarar sake fasalin wannan jadawali, saboda haka wajibi ne mai afil ya tabbatar da wanda ke aiki a lokacin da ya ke shigar da takardunsa.

Bambancin maki bambancin kuɗi ne mai yawa. A shekarar 2025, tsohon soja wanda ba shi da iyali a ƙarƙashinsa yana karɓar kimanin dala 175 a wata a kan maki 10, dala 537 a kan maki 30, dala 1,395 a kan maki 60, da dala 3,831 a kan maki 100. Wanda ciwon ya hana shi riƙe aikin da zai ci da kansa, idan yana da maki 60 a kan cuta guda, yana iya neman a biya shi kamar mai maki 100.

Takaitaccen Tarihin Afil

An kafa Hukumar Afil ta Tsofaffin Sojoji a 1933, a cikin ita Ma'aikatar. Shekara hamsin da biyar bayan haka, hukuncinta shi ne na ƙarshe, babu wata kotu da ke da ikon duba shi. Haka kuma wata tsohuwar doka tun ta zamanin yaƙin basasar Amurka ta hana lauya karɓar fiye da dala 10 a kan irin wannan aiki, abin da ya sa lauyoyi suka ƙaurace masa. A 1988 Shugaba Ronald Reagan ya sa hannu a kan dokar da ta kafa kotu ta musamman domin duba hukuncin Hukumar, ta kuma kawar da ƙa'idar dala 10.

Ko da ya ke wannan ci gaba ne, tsarin ya ci gaba da tafiyar hawainiya. Hanya ɗaya ce tak kowa ke bi, kuma duk sa'ad da aka ƙara wata takarda sai a koma baya a sake dubawa, har wasu suka yi shekara biyar ko fiye suna jira, wasu ma suka rasu ba su ga ƙarshen maganarsu ba. Domin gyara wannan, aka yi sabuwar doka a 2017, wadda ta fara aiki ran 19 ga Fabrairu 2019. Ita ce ta raba afil zuwa hanyoyi uku.

Hanyoyin Afil Guda Uku

Hanya ta farko ita ce sabunta buƙata da sabuwar shaida, da fom mai lamba 20-0995. Sharaɗinta shi ne a kawo shaidar da ba a taɓa gani ba, wadda kuma ta shafi maganar, kamar sabon gwajin numfashi ko takardar ra'ayin likitan huhu. A wannan hanya Ma'aikatar tana nan da nauyin taimakawa wajen nemo takardu. Ita ta fi dacewa da wanda aka ƙi buƙatarsa saboda ƙarancin shaida.

Hanya ta biyu ita ce bitar babban ma'aikaci, da fom mai lamba 20-0996. A nan wani gogaggen ma'aikaci, wanda ba shi da hannu a hukuncin farko, shi zai sake duba fayil ɗin daga tushe. Ba a karɓar sabuwar shaida ko ɗaya. Mai afil ko wakilinsa yana iya neman ganawa sau ɗaya ta waya, domin ya nuna inda aka yi kuskure. Ita ta dace da wanda shaidarsa ta cika amma aka karanta ta ba daidai ba, alal misali gwaji ya nuna kashi 52 amma aka ba shi maki 30. Burin Ma'aikatar shi ne ta gama kowace daga cikin waɗannan hanyoyi biyu cikin kimanin kwana 125.

Hanya ta uku ita ce kai magana gaban Hukumar Afil da ke birnin Washinton, da fom mai lamba 10182, inda alƙali masanin dokokin tsofaffin sojoji zai duba. Ita ma ta kasu uku. Mai afil yana iya neman alƙali ya yi hukunci da abin da ke cikin fayil kawai, wannan ita ce mafi sauri, burinta shekara ɗaya. Yana iya neman ya ƙara shaida, sai a ba shi kwana 90 daga ranar da ya shigar da fom. Ko kuwa ya nemi a saurare shi baki da baki, ko ta intanet, sa'an nan ya sami kwana 90 bayan zaman domin ƙara shaida. Wannan ta ƙarshe ita ta fi ɗaukar lokaci. Alƙali yana iya amincewa, ko ya ƙi, ko ya mayar da maganar ƙasa a gyara kuskure, kamar a sake gwajin da ba a yi shi yadda ya kamata ba.

Wanda bai gamsu da sakamakon wata hanya ba yana iya komawa wata, sai dai ba a neman bitar babban ma'aikaci sau biyu a jere, ba a kuma nemanta a kan hukuncin Hukumar Afil.

Zuwa Kotu

Idan Hukumar Afil ta ƙi, mai afil yana da kwana 120 ya kai ƙara Kotun Afil ta Tsofaffin Sojoji, wadda ba ta ƙarƙashin Ma'aikatar. Kotun ba ta karɓar sabuwar shaida, aikinta shi ne ta duba ko an bi doka, ko kuma an ba da isassun dalilai. Tsohon soja ne kaɗai ke da ikon kai ƙara can, Ma'aikatar ba ta da shi. Daga nan magana kan wuce zuwa Kotun Afil ta Tarayya, a kan fassarar doka, daga can kuma sai Kotun Ƙoli. A 2011 Kotun Ƙoli ta yanke cewa wa'adin kwana 120 ba katanga ba ce da ba ta da ƙofa, a shari'ar wani tsohon sojan yaƙin Koriya mai taɓin hankali wanda ya makara da kwana 15. Duk da haka, uzuri mai ƙarfi kaɗai a ke karɓa. A 2025 kuma ta yanke cewa idan Ma'aikatar ta ce shaida ba ta yi kunnen doki ba, kotu ba za ta rushe wannan ba sai ta ga kuskure bayyananne. Ma'anar wannan ita ce, ƙarfin magana yana wurin tara shaida tun a matakin ƙasa.

Muhimmancin Wa'adin Shekara Ɗaya

Daga ranar da ke kan takardar hukunci, mai afil yana da shekara ɗaya ya zaɓi hanya. Idan ya yi haka cikin wa'adi, ya kuma ci gaba da bin maganar ba tare da yankewa ba, to, ranar da ya yi nasara za a koma a yi lissafi tun daga buƙatarsa ta farko, a biya shi ariyas. Idan ya bari shekarar ta wuce, ƙofar bita da ta Hukumar Afil sun rufe. Yana iya sabunta buƙata da sabuwar shaida, amma galibi lissafi zai fara ne daga sabuwar ranar.

A ɗauka wani tsohon saje ne aka ba shi maki 30, alhali akwai gwajin da wani asibiti ya yi masa tun kafin ya shigar da buƙata, wanda ya nuna kashi 52, amma takardar ba ta shiga fayil ba. Ya nemo ta, ya sabunta buƙata cikin wa'adi, aka ɗaga shi zuwa maki 60 bayan shekara biyu da buƙatar farko. Bambancin maki 30 da 60, bisa ga lissafin 2025, dala 858 ne a wata. A wata 24 ya haura dala 20,000. Da ya yi sakaci shekarar ta wuce, da mafi yawan wannan kuɗi ya salwanta.

Shaidar Da Ke Ƙarfafa Afil

Abu na farko shi ne a karanta takardar hukunci da natsuwa, gama doka ta tilasta wa Ma'aikatar ta faɗi sharaɗin da bai cika ba, da kuma abubuwan da ta riga ta amince da su. Abin da ta amince da shi ya zauna, ba sai an sake wahalar tabbatar da shi ba. Afil mai kyau shi ne wanda ya nufi gurbin da aka nuna kai tsaye.

Idan gurbin na dangantaka ne, ana bukatar takardar likita wadda ta nuna ya karanta fayil ɗin, ta kuma faɗi dalilan da suka sa ya ga cewa yiwuwar aikin soja ne sanadi ta kai rabi ko fiye. Idan majiyyacin ya taɓa shan taba, gara likitan ya fuskanci maganar ya yi bayaninta da ya yi shiru a kanta. Idan gurbin na girman nakasa ne, sai a kawo gwajin numfashi na kwanan nan, da jerin magunguna, da takardun kwanciya asibiti. Ana kuma karɓar shaidar mutanen da ba likitoci ba a kan abin da idonsu ya gani, kamar abokin aiki da ya san kusancin tantinsu da ramin shara, ko matar aure da ta san tun yaushe tari ya fara hana mijinta barci.

Tilas ne a halarci gwajin da Ma'aikatar ta shirya, domin rashin zuwa ba tare da uzuri ba yana iya kashe buƙata. A wurin gwaji, mazan jiya da yawa su kan ce lafiya lau saboda jarunta da suka saba da ita. Abin da ya dace shi ne mutum ya faɗi gaskiyar halinsa, har da na ranakun da ciwon ke tsananta, ba ragi ba ƙari. A lura kuma, shiga rajistar masu shaƙar hayaƙin ramuka, wadda aka buɗe a 2014, ba shigar da buƙatar diyya ba ne.

Masu Taimako da Hakkin Iyali

Ƙungiyoyin mazan jiya, irin su American Legion da aka kafa a 1919, suna da wakilai masu izini waɗanda ke taimakawa kyauta. Lauya ko wakili mai izini ba ya karɓar lada sai bayan an yanke hukuncin farko. Ladan da bai wuce kashi 20 cikin 100 na ariyas ba, doka ta ɗauke shi daidai, wanda kuwa ya haura kashi ɗaya cikin uku ta ɗauke shi ya yi yawa. Duk wanda ya nemi kuɗi tun kafin a shigar da buƙata, ko ya yi alkawarin maki 100, a yi hattara da shi.

Idan tsohon soja ya rasu afil ɗinsa bai ƙare ba, matarsa ko wani magajin da doka ta amince da shi yana da shekara ɗaya ya nemi maye gurbinsa, ya ci gaba daga inda aka tsaya. Idan kuma ciwon da aikin soja ya jawo ne ya yi ajalinsa, akwai wata diyya ta wata-wata domin matarsa da 'ya'yansa ƙanana. Zama a wata ƙasa ba ya soke hakkin diyya ko na afil, akwai kuma shirin da ke biyan kuɗin jinyar cutar da aka amince da ita ga mazauna ƙasashen waje.

Kammalawa

Ƙin buƙata a karon farko ba shi ne ƙarshen magana ba. Mai ciwon huhu da ya karanta dalilin ƙin, ya zaɓi hanyar da ta dace da gurbin, ya kuma kiyaye wa'adin shekara ɗaya da na kwana 120, ya tsare hakkinsa da na iyalinsa. Tun da ya ke ciwon huhu ya kan daɗe kafin ya bayyana, adana takardun aiki da na asibiti wajibi ne tun mutum yana sanye da kakin soja. Hausawa sun ce tun ran gini, tun ran zane.

Tambayoyi Domin Bita

1. Waɗanne sharuɗɗa uku ne a ke bukata kafin a biya diyya, kuma wanne ne ƙa'idar ƙaddarawa ta ɗauke?

2. Tsohon soja mai toshewar hanyoyin numfashi ya sami kashi 60 cikin 100 a gwajin numfashi. Maki nawa ya cancanta?

3. Wace hanyar afil ce ta dace da wanda ya sami sabuwar takardar likita, wace ce kuma ta dace da wanda aka yi kuskure wajen karanta fayil ɗinsa?

4. Me ke faruwa da ariyas idan aka bari wa'adin shekara ɗaya ya wuce?